Zuwa Ga Habibu, Wanda Ya Rufe Lambar Jimina

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga taubashina Habibu, wanda masu kallon talabijin suka fi sani da Malam Birki.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Gaya alhamdulillahi. Ruwa ya zauna, gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. Kowa lafiya, in ban da mutum ɗaya, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Baba ne, kawunka, wanda shekara biyar ke nan ba ku sa juna a ido ba. Idon nasa ma yanzu ya kusa rufewa. Ina so ka zo gida.

Wasiƙa uku na aika maka ta gidan waya, shiru. Ta huɗu na ba wani mai fataucin hatsi ya kai maka hannu da hannu. Ya dawo ya ce ka karɓa, ka sa a aljihu, ka ba shi lemo mai sanyi, ka tambaye shi lafiyar hanya. Shi ya sa na kawo ta biyar ɗin gidan jarida. Na san halinka tun muna cin tuwo a akushi ɗaya: ba ka iya wuce takardar da ka hango sunanka a jiki. Masu karatu su yi mana haƙuri, maganar gida ce. Amma mutumin da ya shekara goma yana karanta wa Arewa laifuffukanta a cikin akwatin talabijin, bai kamata ya ji haushi don an karanta masa nasa a shafi ɗaya ba. Kuma ni ɗan kawunka ne, kai ɗan gwaggona. Al'ada ta ba ni izinin tsokanarka, ba kuma zan bar izinin ya lalace ba.

Bari in fara daga inda ka fara, tunda a hirarrakin da kake yi da 'yan jarida na lura tarihinka daga Kaduna yake somawa.

Daga Toranke aka kawo ka gidanmu na Ajingi, shekarar da mahaifinka ya rasu. Baba ne ya je ya ɗauko ka a motarsa. Ka sauko ba hawaye ko ɗigo, kana tambayar me ya sa motar take tari in za ta tsaya. Inna ta ce wannan yaro ko makoki bai hana shi surutu ba.

Motar ita ce Jimina. Babbar mota ce mai bodin katako, taya shida, kuma wani mai fenti a Kano ya zana mata jimina a kowane gefe, da dogon wuya, ƙafa ɗaya a ɗage. Ni tun ina yaro talo-talo nake gani a zanen, amma ban taɓa faɗa a gaban Baba ba. Tana da ham mai murya uku, biyu gajeru, ɗaya doguwa. In ta buga shi a kwanar shiga gari, matan da za su aika da saƙo Kano sun san lokaci ya yi, mai shayin tasha ya san ya ɗora ruwa. Daga Ajingi zuwa Gaya, a ƙetare gadar Wudil, a shiga Kano da buhunan gyaɗa, a dawo da gishiri da kananzir da yadi. Babu wanda ya taɓa cewa zai hau motar Alhaji Mamman. Jimina ake hawa.

Mu biyu Baba ya sa a gaba zai koya wa tuƙi, lokacin da muka tasa. Ni sau uku na taɓa sitiyari. A na ukun na nufi rumbun maƙwabcinmu da niyya mai kyau, Baba ya karɓe, ya dube ni ya ce, "Kai hannunka na alli ne, je ka." Ga ni nan har yau ina riƙe da alli, kuma ban ji kunya ba.

Kai kuwa wata shida ya zaunar da kai a gefensa, bai ba ka sitiyari ba, ya ce ka saurari inji kawai. Ka koyi sauya giya ba a ji ƙara ba. Ka koyi ratsa yashin hanyar Toranke ba ka tsaya ba, ba ka kuma yi gudu ba. Abin da ya fi nanata maka, har ni da ke gefe na haddace, shi ne in an ba ka mota kada ka tambayi gudunta, ka fara taka birki ka ji. Na ga ranar da ya ba ka Jimina daga Gaya har Wudil, ya naɗe hannu, ya yi kamar yana gyangyaɗi. Da muka dawo ya ce wa Inna, "Yaron nan ba laifi." Ka san a bakin Baba wannan kirari ne.

Sai boko ya ja ka Kano, Kano ta miƙa ka Kaduna. Ka fara da karanta gaishe-gaishe a rediyo, muna jin ka a ƙofar gida, Baba yana gyara zaman rediyon kamar shi ya ƙera muryar. Daga nan aka ce ka koma talabijin, ana ganin fuskarka. Mu dai ba mu da wutar da za mu gan ka, sai muka yarda da abin da aka faɗa. Ka ce musu a ba ka shiri kan motoci. Suka ce wa zai zauna ya kalli mota a tsaye? Ka ce ba motar za a kalla ba, kai za a kalla. A nan dai ka yi gaskiya.

Shirin naka, Hannu Kan Sitiyari, ya yi suna a shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. Kowa ya rikice, direbobi suna haɗuwa gaba da gaba a kan titi suna gaisawa da zagi, kai kuma ka fito da motocin gwangwani irin na yara, ka shimfiɗa su a tebur, kana nuna wa manyan mutane hagu da dama. Na fara ganinka a shagon wani abokina a Fagge, mutane sun cika har bakin titi. Ka sa hula a karkace, kana magana kamar kana cikin zauren gidanmu. Ko wace mota aka kawo maka, ka fara taka birki. Daga nan sunan ya bi ka. Na yi murmushi, don na san inda ka samo, ban kuma taɓa jin ka faɗi inda ka samo ba.

Ba zan ƙi yabonka ba. Ka iya magana, kuma yawancin abin da kake faɗa haka yake. Ka kai sabuwar motar wani dillali cikin yashi ta kafe, ka fito ka ce jakin kakarka ya fi ta sanin Arewa. Ka ce masu sayen babur da sabon albashi su riƙa sayen likkafani a shago ɗaya, don sauƙin zirga-zirga. Ka ce layar da direba ya rataya a madubi ba ta ƙara wa taya ƙwari. Malamai suka yi huɗuba a kanka, direbobin wata tasha suka rantse in ka shigo sai sun sace iskar tayoyinka huɗu, dillalai suka yi ta kai ƙara. Kowane mako ana cewa an kusa korar ka, kowane mako jama'a na ƙaruwa a gaban akwati. Na karanta littattafai da dama a kan mutanen da harshensu ya ɗaukaka su, kuma kusan dukkansu shafin ƙarshe iri ɗaya ne. Na rubuta maka haka a lokacin. Ka amsa da cewa malaman makaranta ba sa son ganin wani ya ci gaba.

Sai ranar da ka aiko cewa za ka zo Ajingi ranar kasuwa, da mai ɗaukar hoto, za ku ɗauki Jimina.

Habibu, ban sani ba ko wani ya taɓa gaya maka abin da aka yi a gidan kafin ka iso. Baba kwana biyu yana wanke motar nan. Ya sa aka sake bin jiminar da fenti, har aka ƙara mata gashin ido. Ya ciro babbar rigarsa da ya je Makka da ita. An yanka zakara biyu. Ya bi tasha yana cewa ɗansa zai nuna wa Kaduna yadda ake tuƙi. Ɗansa ya ce, ban ji ya ce ɗan ƙanwarsa ba.

Ka zo, ka ci zakara, ka sha fura. Kuka fita tasha. Ina tsaye na ga ka ɗauki takarda da gam ka manne lambar motar gaba da baya. Na tambaye ka dalili, ka ce haka ake yi a aikinku. Ka ce Baba ya juya baya in za a ɗauke shi, ya ɗauka wani salo ne na birni, ya juya yana gyara wuyan riga. Aka yi lodi irin na ranar kasuwa: buhuna har sun wuce katako, mutane a bisa buhuna, awaki a tsakanin mutane. Mai hotonka ya durƙusa ya daɗe a kan tayar baya, wadda ta yi sumul kamar tafin hannu. Ya ɗauki Baba yana zuba ruwan sabulu a inda ake zuba man birki, abin da kusan kowane direban hanyar yake yi in man ya yanke a kasuwa. Da za a tashi ka ce, "Kawu, a buga mana ham ɗin nan." Ya buga har sau biyu, don kada na farko ya ƙi kamawa.

Babu wanda ya ga shirin a Ajingi. Ba a bukatar a gani. Alhaji Sule mai hatsi yana Kano a daren, ya gani a gidan ubangidansa, ya shigo motar farko da safe, bai ko sauke kayansa ba ya tsaya a tsakiyar tasha ya ba da labari. Ni na gani daga baya, da aka maimaita. Ka ce, "Wani direba ne a wani gari, ba za mu faɗi sunansa ba." Sai ga jimina ta cika akwatin da sabon gashin idonta. Sai ga ham, biyu gajeru, ɗaya doguwa. Sannan ka dubi mutane ka ce, "Jama'a, wannan ba mota ba ce. Makara ce mai taya shida."

Kalma ɗaya ce ta zauna. Kafin sati ya zagayo, daga Ajingi har Wudil ba mai cewa Jimina. 'Yan kamasho suna kira, "Kano, Kano, Makara ta kusa cika!" suna dariya, ba da mugunta ba ma, don daɗin faɗa kawai. Mata suka fara cewa za su jira ta baya. Masu kai amarya suka daina zuwa, don ba wanda zai sa 'yarsa a abin da ake kira da wannan suna ranar da za ta tare. Mutumin da ya fi shekara ashirin a hanyar nan bai taɓa taka ko kaza ba, ya zauna a gidan gaba yana kallon ana cika motocin yaran da shi ya koya wa riƙe sitiyari.

Abin da ya ce a gida kaɗan ne. "Ku gaya masa na ji." Daga ranar sunanka ya fita daga bakinsa. In dole ta kama, sai ya ce mutumin Kaduna.

Ka aiko da wasiƙa mai shafi huɗu, ni na karanta masa. Rabinta bayani ne kan yawan mutanen da ke mutuwa a hanya, rabi kuma cewa ka rufe lamba, ka ɓoye fuska, ka bi ƙa'idar aiki, ba wanda zai iya cewa ka ambaci kowa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Lamba? Ni kaina sai na duba takarda nake sanin lambar."

Wannan ne abin da na kasa gane maka, taubashi, duk da karatuna. Da baƙo ne ya yi, sai in ce bai sani ba. Kai a gidan ka tashi. Ka san a ƙasarmu ɗan sanda kaɗai ke karanta lambar mota, shi ma in yana neman magana. Mu da zane muke sanin mota, da muryarta, da yadda take karkata in ta sha kwana. Ka tafi Kaduna ka koyo yadda ake ɓoye mutum a birni, ka zo ka yi shi a inda tsohuwar da ba ta gani ma za ta gaya maka Jimina ce ta wuce. Na daɗe ina tambayar kaina ko mantawa ka yi, ko kuwa ka sani, maganar makarar ce ta yi maka daɗi a baki har ka kasa haɗiye ta. Na fi son in ɗauka mantuwa ce. Inna ma haka ta zaɓa.

Ga wani abu da ba ka sani ba, kuma in Baba ya ji na sa a jarida, ni ma zan koma mutumin Gaya. Sati uku bayan shirin, ya ce in raka shi Kano. Muka tafi da motar ba kaya, ba fasinja. Ya kai ta wurin bakanike, aka sauke birkin gaba ɗaya, aka wanke, aka sa sabbin robobi da man gaske. Aka sauya tayoyin baya. A hanyar dawowa ya taka, motar ta tsaya cak, har na bugi gilashi da goshi. Saboda haka kana da gaskiya a kan birkin. Na rubuta, ka yanke ka ajiye. Sai dai da ka ja shi gefe bayan an ci zakaran, ka faɗa masa a zaure, da ya zage ka, ya ce yaushe aka haife ka, sannan ya je ya gyara kamar yadda ya gyara ɗin. Da yanzu kana zuwa mana sallah.

Bikin ƙanwata Hadiza ba ka zo ba, ka aiko da akwati. Sunan ɗana ba ka zo ba, ka aiko da rago a motar haya. Na san ba girman kai ba ne duka. Na san kana tsoron ka yi sallama a zaure a ƙi amsawa. Kai da ka tsaya gaban direbobin tasha guda suna ɗaga maka ƙarfen taya, tsoho ɗaya a kan buzu ya gagare ka.

Na ji an dakatar da shirin naka tun watan jiya, bayan abin da ka faɗa kan doguwar motar wani babba da direbansa. Ban yi murna ba, ban kuma yi mamaki ba. An ce kana zaune a gida, kana wanke motarka sau biyu a rana. To, ga aikin da ya fi wannan.

Baba ya ajiye tuƙi bara. Da kansa ya ajiye, ranar da ya ga kututture a gefen hanya ya buga masa ham. Yanar ido ce ta rufe na hagu, ta kama na dama. Likitan da ya zo Ajingi ya duba shi ya ce aiki ne da ake yi a asibitin ido a Kano, kuma a kai shi kafin azumi, don in aka ƙara jinkiri abin zai yi wuya. Kai shi ɗin ne ya gagara.

Na sa shi a kiya-kiya a tashar Ajingi. Ba mu fita gari ba direban ya sa giya ta biyu da ƙara, Baba ya buga ƙofa ya ce a sauke shi, wannan kashe mutane zai yi. Ya sauka ya kama hanya da sanda. Na roƙi wani abokina ma'aikacin gona ya zo da motar ofis har ƙofar gida. Baba ya shiga, ya tambayi direban wa ya koya masa, ya saurari amsar, ya ce Allah ya ji ƙan wanda ya koya masan, amma shi ma bai iya ba. Ya fito. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana riƙe da ran mutane a hannu, yanzu ba ya gani, kuma an ce ya zauna a gefe ya miƙa nasa ga wanda bai sani ba. Na yi fushi da farko. Daga baya na daina.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Ajingi, muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, Inna tana yi masa faɗa, ta ce to haka zai zauna ya makance don taurin kai? Ya ce, "Duk ƙasar nan mutum biyu na sani da suka iya tuƙi. Ɗaya ga shi ba ya gani." Inna ta ce, ɗayan fa? Ya ce, "Ɗayan baki ya yi masa yawa." Can da zan tashi, ya kira ni ya ce, "Tunda an ce shi ne malamin birki na Arewa, ya zo ya kai ni mana. In ji da kunnena ko yana yin abin da yake faɗa wa mutane."

Ka san Baba. Ba za ka sami abin da ya fi wannan ba, ko ka jira shekara biyar ɗin wasu, kuma ba na jin idon zai jira, ko shi kansa.

Saboda haka ka zo, kafin watan azumi ya tsaya. Ka zo kai kaɗai, a motarka. Kada ka zo ranar kasuwa. Ka biyo ta Gaya ka ɗauke ni, don in ka shiga zauren nan kai kaɗai na san za ka fara jawabi. Kada ka shirya jawabi. Kada ka kawo maganar lamba, ko ta birki, ko ta wa ke da gaskiya. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambayi gero, ka kama hannunsa ka kai shi mota. Zai shafa ta ya ce gwangwani ce. Daga Ajingi har Kano zai gyara maka tuƙi: ka yi saurin sauya giya, ka makara wurin rage gudu, wa ya koya maka shiga kwana haka. Duk abin da ya faɗa, amsarka ita ce, "To, Kawu." Kalma biyu ce. Na san a rayuwarka ba ka taɓa tsayawa a biyu ba, amma kana da 'yan kwanaki, ka fara gwadawa a gida.

Allah ya kawo ka lafiya, ya tsare maka hanya, ya sa a yi aikin a sa'a. Allah ya buɗe idon Baba, ya sa in an kwance masa bandeji kana cikin waɗanda zai gani a tsaye. Allah ya yafe mana abin da harsunanmu suka ja mana, naka mai yawa da nawa ɗan kaɗan. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce ka rame a hoton da ta gani.

Wassalam. Ni ne taubashinka, mai jiran ka a bakin hanya,

Isyaku, malamin makaranta, Gaya.